Yaron da ya iya lissafin albasa a Aliero, me ke kayar da shi a aji?

Akwai wani yaro a gidanmu, ɗan ƙanena, yana aji biyu na ƙaramar sakandare. A zangon da ya wuce maki 31 cikin 100 ya samu a lissafi, malaminsa kuma ya rubuta a ƙasan takardar sakamako cewa yaron ba ya gane darasin.

Makonni kaɗan bayan haka na bi mahaifinsa kasuwar albasa a Aliero, yaron yana tare da mu. Aka yi ciniki da wani Alhaji da zai loda mota zuwa Kudu: buhu 38, kowanne naira dubu 45. Alhajin yana laluben wayarsa a aljihu don ya buga lissafin, sai yaron ya ce wa mahaifinsa, "Baba, miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai da goma ne." Da aka buga a waya, haka ɗin ne.

A hanyar komawa gida na tambaye shi yadda ya yi. Ya ce ai ba wuya. Ya ari buhu biyu ya cika su 40, dubu 45 sau 40 ya ba shi miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, sannan ya mayar da bashin buhu biyun da ya ara, wato dubu 90.

Da muka isa gida na ɗauki biro na rubuta masa 45 × (40 − 2), na ce ya warware. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Baffa, wannan ai shi ne wanda ba na ganewa."

Abin da ya yi a tsaye cikin rana da hayaniyar masu lodi, shi ne dai abin da ke kan takardar. Ba wanda ya taɓa faɗa masa haka. Ra'ayina shi ne, yara da yawa a Jega da Aliero da Maiyama ba lissafi ne ke kayar da su ba. Suna zuwa makaranta da lissafinsu a ka, makarantar ta sa su ajiye shi a bakin ƙofa kamar takalmi, sannan ta fara da su daga sifili cikin harshen da ba su gama ji ba, da misalan abubuwan da ba su taɓa gani ba.

Ba a nan kaɗai aka ga haka ba. A 1985 wasu masu bincike uku, Terezinha Nunes da David Carraher da Analúcia Schliemann, sun wallafa abin da suka gani a birnin Recife na ƙasar Brazil. Sun riƙa sayen kaya a hannun yara masu talla suna yi musu tambayoyin farashi da canji, yaran suka amsa kusan duka daidai. Da aka zaunar da su aka ba su lambobin nan dai a takarda kamar yadda ake yi a aji, ko rabi ba su ci ba. Yaran da aka gwada kaɗan ne, amma duk wanda ya taɓa koyarwa a ƙauye zai ce ya san waɗannan yaran.

Abin da mutanen tsibirai suka yi

Waɗanda suka fi ɗaukar wannan magana da gaske, a iya sanina, mutanen tsibiran tekun Fasifik ne, kuma labarinsu ya cancanci a ji shi a Kebbi.

A tsibiran Hawaii an kai lokacin da ilimin tuƙin jirgin ruwa na kakanninsu ya kusa ɓacewa, har wasu masana na Turai suna cewa mutanen da suka cika waɗannan tsibirai iska ce kawai ta kora su can, ba da saninsu suka je ba. A 1975 aka ƙera jirgin gargajiya mai suna Hokule'a, a 1976 aka ɗauko wani matuƙi, Mau Piailug, daga ɗan ƙaramin tsibirin Satawal. Ya kai jirgin daga Hawaii zuwa Tahiti, tafiyar kimanin kilomita 4,000, ba taswira ba na'ura, sai taurari da igiyar ruwa da tsuntsaye.

Wani ɗalibinsa, Nainoa Thompson, ya tsara wannan ilimi yadda za a iya koyar da shi: ya raba da'irar sararin sama gida 32, kowane tauraro da gidan da yake fitowa da wanda yake faɗawa. Raba 360 gida 32, kowane gida digiri 11.25 ke nan. Ga darasin kusurwa da da'ira ya fito daga cikin jirgin kakanni. Daga baya Jami'ar Hawaii, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Linda Furuto, ta buɗe kwas na musamman inda ake horar da malaman makaranta su koyar da lissafin manhaja ta hanyar irin waɗannan abubuwa na gida.

A Papua New Guinea kuma akwai mutanen Oksapmin da ke ƙirga da gaɓoɓin jiki 27, daga babban yatsan hannu ɗaya, a hau damtse, a ratsa fuska, a sauka a ƙaramin yatsan ɗaya hannun. Wani mai bincike, Geoffrey Saxe, ya bi su tun daga ƙarshen shekarun 1970, ya ga yadda suka lanƙwasa wannan ƙirga ta koma tarawa da ɗebewa da kuɗi da kantuna suka shigo musu. Shi wannan fanni na nazarin lissafin da ke cikin al'adun mutane, wani malami ɗan Brazil, Ubiratan D'Ambrosio, ya fito da shi fili a babban taron malaman lissafi na duniya a 1984.

Mu ba mu da teku. Amma duk wanda ya ce ba mu da abin da za mu sa a gurbin jirgin Hokule'a, bai zauna da tsofaffinmu ba.

Abin da ke cikin rumbunmu

A fara da bakinmu. Bahaushe yakan ce "ashirin ba ɗaya" maimakon sha tara, "talatin ba biyu" maimakon ashirin da takwas. Tsofaffin 'yan kasuwa suna cewa "metan gaira ashirin", wato 180. Dabarar da ɗan ƙanena ya yi da buhu 38 tana zaune a cikin harshen da ya tashi da shi: arba'in ba biyu. Bai koye ta a aji ba, ya tsotse ta ne.

Jega tsohuwar kasuwa ce da fatake suka sani tun zamanin daular Gwandu, lokacin da kuɗi wuri ne. Wuri kuwa ba a ƙirga shi ɗaya-ɗaya. Biyar-biyar ake ja, a tara tsibi-tsibi, kamar yadda Bature matafiyi Heinrich Barth ya gani a Tasawa a 1851. Akwai hauya, 20. Akwai zangu, 100. Akwai keso, wuri 20,000. Da kuɗin Ingila suka zo, kakanninmu da ba su shiga boko ba suka riƙa juya kwabo 12 a sule, sule 20 a fam, da taro da sisi da nai a tsakani, ba su ɓata ba. Da naira ta zo a 1973 fam ya zama naira biyu, shi ya sa har yau jaka, wadda fam ɗari ce, take nufin naira 200.

Ɗan kasuwar da ke bi ta Kamba ya tsallaka Gaya ya san wani abin kuma. A Nijar da dala ake ƙirga, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. In an ce maka ɗari, sefa 500 ake nufi. In an ce jikka, dala 200 ke nan, sefa 1,000. Kullum yana ninkawa da biyar yana rabawa da biyar, sannan ya juya zuwa naira a kan farashin ranar. Wannan mutumin ne ɗansa zai dawo gida ya ce an koya musu "canjin ma'auni" bai gane ba.

Sai manomi. Tsofaffin manoma da malamai suna bin taurari 28 a shekara, kowanne kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14. Buga ka gani: 28 sau 13 ya ba da 364, ƙara ɗayan nan, 365. Da wannan lissafi ake sanin lokacin shuka da lokacin da ruwa ke shirin ɗaukewa. Mai haƙar rijiya yana auna zurfi da gaba. Mai ginin ɗakin kago ko rumbu yana kafa turke ya ɗaura igiya ya zagaya, ya fitar da da'irar da ba ta da ƙwana. Mai lambu yana yanka fili fangali-fangali, ya san yawan irin da kowanne zai ci.

Ga dara, wadda masu rubutu kan wasannin duniya suka daɗe suna dangantawa da Dakarkarin ƙasar Zuru a wannan jiha tamu: gurbi 30, layi biyar a shida, kowa da 'ya'ya 12, ana neman jera uku. Yaron da ya iya hango motsi uku a gaba a dara ya riga ya fara irin tunanin da ake buƙata wajen kafa hujja a lissafi.

Inda na fi so in tsaya shi ne zaure. A ƙasar Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya koyar, ba a rasa malamin da ya iya rabon gado. A ce mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da mahaifiya da ɗa namiji da 'ya mace. Matar tana da sumuni, ɗaya bisa takwas. Mahaifiya tana da sudusi, ɗaya bisa shida. Malam zai nemi adadin da takwas da shida duka suke shiga, ya samu 24: mata ta ɗauki 3, uwa ta ɗauki 4, saura 17. Ɗa yana da rabo biyu, 'ya tana da ɗaya, 17 kuwa ba ta rabuwa uku. Sai ya ninka 24 sau uku ta zama 72: mata 9, uwa 12, ɗa 34, 'ya 17. Tara su, 72 cif.

Wannan shi ne darasin nan na nemo ƙaramin adadin da lambobi ke haɗuwa a kansa, wanda ke sa 'yan aji ɗaya na sakandare gumi. Yaro yana iya jin sa da daddare a zauren malam da Hausa da Larabci, da safe ya gamu da shi a allo da Turanci, bai san abu ɗaya ba ne. Haka zakkar hatsi: ɗaya bisa goma in ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa ashirin in da inji ko guga aka yi ban ruwa. Wato kashi 10 da kashi 5 cikin ɗari. Nisabi wasƙi biyar, kowane wasƙi sa'i 60, kowane sa'i mudun Annabi huɗu, jimla 1,200.

Har marubuci muna da shi. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 kan hanyoyin cika hatimi, irin gidajen lambobin nan da duk ta inda ka tara jimla ɗaya take bayarwa. Masana tarihin lissafi a waje suna ambatonsa. Na san wasu za su ɗaure fuska su ce hatimi kayan tsibbu ne. Ni lambobin nake magana: jera 1 zuwa 9 a gida tara ta yadda kowane layi zai ba da 15. Ka ba 'yan aji huɗu wannan ka ga ko za su yarda su fita tara.

Kada a yi mini mummunar fahimta

Ba cewa nake yi a ajiye manhaja a koma ƙirga da wuri ba. Jarrabawar WAEC da NECO ɗaya ce ga ɗan Maiyama da ɗan Legas, kuma wanda ke son karatun likita ko injiniya ko aikin jinya ba shi da hanya sai da kiredit a lissafi. Duk tsarin da zai bar yaranmu da lissafin kasuwa kaɗai ya cuce su, ko da sunan kishin al'ada aka yi shi.

Lissafin gida kuma yana da iyakarsa, gara mu faɗa da bakinmu. Mudu ba ɗaya ba ne: akwai mai tozo, akwai shafaffe, akwai wanda aka bubbuge gindinsa. Gaban dogo ba gaban gajere ba ne. Buhun da mai saye ke zuwa da shi gona ba lallai ya zama girman wanda aka yi ciniki da shi bara ba, manomi yana gani yana ƙorafi amma ba shi da adadin da zai kafa hujja da shi. A nan ne makaranta take da abin bayarwa. A sa yara su kawo mudu biyar daga gidaje biyar, a cika kowanne da gero a ɗora a sikeli. Da idonsu za su ga dalilin da ya sa duniya ta yarda da kilo, ba sai an sa su haddace ba.

Ga kuma tambayar da kowane gida mai noman albasa ke fuskanta duk shekara: a sayar yanzu da kaka, ko a zuba a rudu a jira tsada? Bari in sa lambobi na misali. Kana da buhu 100, yau ana saye naira dubu 20, miliyan biyu ke nan. In ka ajiye wata huɗu, a ce ruɓa da ƙyamushewa sun ci buhu 30, ka kuma kashe dubu 150 wajen gyaran rudu da masu tsincewa. Nawa buhu zai kai kafin ka mayar da uwar kuɗinka? Raba miliyan biyu da dubu 150 gida 70, ya haura dubu 30 da ɗari bakwai kaɗan. Ma'ana, in farashi ya tashi daga dubu 20 zuwa dubu 28, kana murna albasa ta yi kuɗi, alhali ka faɗi.

Manoma da yawa suna yin wannan da ƙiyasi, wani lokaci su dace, wani lokaci a'a. Yaron da aka koya wa rubuta shi 70x = 2,150,000 ya samu abin da zai kai gida a ranar. Ya kuma gane cewa x ɗin nan da ke ba shi tsoro ba aljani ba ne, farashin da ba a sani ba tukuna ne. Daga nan sai a ɗauke albasar a bar shi da x, domin can ake son kai shi.

Akwai wata ƙorafin da na fi ɗauka da nauyi: malamin da ke da yara 80 a aji, ba alli ba kujera, albashi ba ya kai shi tsakiyar wata, shi za a ce ya je ya yi bincike a kasuwa? Gaskiya ne, ba aikinsa ba ne shi kaɗai. Mutanen Papua New Guinea sun ɗanɗana wannan. Sun shigar da harsunan gida da ƙirgar gida cikin azuzuwan farko, amma koke ya yi yawa kan ƙarancin horon malamai da kayan aiki, har gwamnati ta mayar da koyarwa Turanci a 2013.

Mu ma mun ga irinsa. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin. A tsakanin shekarun nan uku, littattafan lissafi na Hausa nawa suka isa firamaren ƙauyukan Maiyama? Ina ganin an yanke wa abin hukunci ne tun ba a gwada shi ba. Wanda aka gwada da gaske, shirin shekara shida na Ife da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, inda aka rubuta littattafai aka horar da malamai kafin a koyar da Yarbanci, bai nuna yaran sun koma baya ba. Ko ma dai mene ne harshen allo, ba dokar da ta hana malami ya kawo mudu aji.

Wa zai ɗauki aikin?

A cikin Aliero akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha, wadda aka kafa a 2006. Tsakanin sashen lissafinta da kasuwar albasa ba wata tafiya ba ce. Kowace shekara ɗaliban ajin ƙarshe suna neman batun da za su rubuta kundi a kai, da yawa su ƙare da kwafo abin da aka yi a wani wuri. Me zai hana a tura wasunsu da rikoda su zauna da dillalan Jega, da masu awo, da matan da ke riƙe adashi na mutum talatin a ka ba littafi, da masu saƙar tabarma da faifai, da malaman gado, su rubuta yadda kowa ke lissafinsa mataki-mataki? Tsofaffin da suka yi ciniki da sisi da taro suna ƙarewa. Waɗanda suka ji ƙirgar wuri daga bakin iyayensu sun fi su ƙaranci.

Daga abin da aka tara, malaman jami'ar da na Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu za su iya fitar da ɗan littafi, darasi 20 ko 30, kowanne an ɗaure shi da batun da ke cikin manhaja: wannan na kaso ne, wannan na kashi cikin ɗari, wannan na da'ira. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ta zaɓi makarantu kaɗan a ƙananan hukumomin uku a gwada shekara guda, a bar wasu makarantun a kan yadda suke, a yi wa duka jarrabawa iri ɗaya a farko da ƙarshe. In bai yi amfani ba a faɗa, a bari. Jami'ar lissafi ce, bai kamata ta karɓi maganata ba tare da awo ba.

A tuna da 'yan mata a cikin darussan. Yarinyar da ke ba da canjin fura ko ƙuli-ƙuli ba ta kuskure, ita ce sau da yawa ake cewa kanta ba ya ja, a cire ta daga aji. Ba talla nake yabo ba, na fi son ganinta a makaranta. Amma in ta zo, a fara da abin da ta iya.

Shi kuwa ɗan ƙanena, a hutun nan na sa shi ya riƙa rubuta kowane cinikin mahaifinsa sau biyu a tsohon littafi: a hagu yadda ya yi shi a ka, a dama yadda malaminsu zai so ya gani. Makon farko shafin dama fari fat yake bari. Jiya ya kawo mini na buhu 57 a kan dubu 42, ya rubuta 42 × (60 − 3) da hannunsa, sannan ya tambaye ni ko in buhunan 63 ne alamar da ke tsakiya ce kawai za ta canza.